Kwalbar da ke Ƙarƙashin Dutsen Iyaka

Pola: Alo? Wa ke magana?

Hirek: Gwaggo Pola, barka da hantsi! Ɗan ƙanenki ne, kyakkyawan nan.

Pola: Ƙanena bai haifi kyakkyawa ba. Hirek, kai ne?

Hirek: Ni ne. Ya birni? Ya gwiwa?

Pola: Gwiwa tana nan tana ba ni labarin ruwa kafin ya sauko. Ya mutanen Lipinka? Ya matarka?

Hirek: Lafiya lau, tana gaishe ki.

Pola: Kun tone dankali?

Hirek: Mun tone. Bana kowanne ya kai kan jariri, mutum biyu ke ɗaga guda.

Pola: Ƙarya dai ba ta tsufa a bakinka. Shekara hamsin fa ka ba baya. Alo? Ina jin ka kamar daga cikin rijiya.

Hirek: Bari in hau tsani, sai a saman rumbu waya ke kamawa. Yauwa. Gwaggo, tambaya ce da ni, ta ilimi. Kin san ni da son tarihi.

Pola: Kai da aka koro daga makarantar noma saboda ka saka akuya a ofishin shugaba?

Hirek: Ba kora ba ce, na ga na fi malaman sani ne. Ki gaya mini, gonarmu ta bakin hanya, ta yaya ta zo hannun Kaka Walenty?

Pola: Ikon Allah! Yau kuma? To, da can duk Lipinka ta mutum ɗaya ce, mai farin gidan nan na kan tudu, inda ake ajiye taki yanzu. Daga coci har rafi nasa ne, kakanka dawakinsa yake kiwo. Da aka gama yaƙin duniya aka raba ƙasar, kowane gida hekta huɗu, doguwa siririya, daga hanya zuwa rafi, don kowa ya samu tudu ya samu fadama.

Hirek: Shi ya sa in na juya tarakta sai na taka kabejin maƙwabci.

Pola: Shi ya sa, ko don ba ka iya tuƙi ba. Mu aka ba ta bakwai, gidan Ignac ta takwas. Me ya kawo wannan tambaya?

Hirek: Ba komai. Kawai dai mai awon fili zai zo yau ƙarfe huɗu.

Pola: Mai me?

Hirek: Awon fili! Zenek ɗan Ignac zai sayar da tasa gonar ga masu kafa faifan lantarkin rana. Ya ce dutsen iyakarmu ya shiga ƙasarsa taku uku. Har da wani tsohon hoto, wai a da can dutsen a gindin falwaya yake.

Pola: Taswira fa?

Hirek: Taswirar ofis ta tsufa, kaurin layin fensir ɗin kaɗai ya kai taku uku. Sai mai awon ya ce zai tona ƙarƙashin dutsen ya ga shaidar da magabata suka binne. In babu komai, iyaka ta koma gindin falwaya.

Pola: Rumbunka kuma a kan takun ukun nan yake.

Hirek: Wanda nake tsaye a kansa yanzu. Rabinsa za a rushe.

Pola: To me ya tsorata ka? Dutse tafiya yake?

Hirek: Ai... ya taɓa tafiya sau ɗaya.

Pola: Hirek!

Hirek: Shekarar da na bar makaranta ne. Zenek ya ishe mu da cika baki a shago, wai gonarsu ta fi ta kowa faɗi. Ranar Lahadi kowa na coci, na ɗauko sandar ƙarfe na mirgina dutsen cikin gonarsu. Ni kaɗai fa, Gwaggo! Dutsen da ƙarti huɗu ba sa ɗagawa. Ina mirginawa ya faɗa wani ɗan kwari ya zauna daram, na yi na yi ya ƙi motsi. Na jira a yi rigima in sha dariya, shiru. Shekara talatin da uku, shiru!

Pola: Hmm.

Hirek: Wane irin hmm? Ba ki ma ji abin mamakin ba. Jiya na ce bari in riga mai awo, in binne 'yan fasassun tukwane a ƙasan dutsen, ya zaci na da ne. Na haƙa ta gefe, zurfin gwiwa, sai shebur ya yi ƙaras. Gawayi, Gwaggo! Da kwalba koriya a kife! A wurin da ni da hannuna na kai dutse. Wa ya saka? Jiya ko abinci ban iya ci ba.

Pola: Mai dogon wuya, da ɗan tsaguwa a gindi?

Hirek: Ita! Ya aka yi kika sani?

Pola: Kwalbar man fitilar Inna ce. Kai wawa, a mazauninsa na asali ka mayar da dutsen.

Hirek: Ban ji ba, iska ce. Ki sake.

Pola: Na ce nan ne iyakar gaskiya! Ignac ne ya fara ture dutsen cikin tamu, lokacin da yake mai unguwa kuma ɗan jam'iyya mai mulki. Wa ya isa ya yi magana a lokacin? Kakanka ya haɗiye har ya mutu. Kwarin da ka ce dutsen ya faɗa, ramin da aka ciro shi ne.

Hirek: Kai! Wato Baba ya sani?

Pola: Ranar Litinin ya hau keke ya zo wurina, yana dariya har da hawaye. Ya ce kada a gaya maka, in ka ji ka yi abin kirki za ka je ka warware. Ignac kuwa ya gani, amma ya ce me? A tona?

Hirek: Gwaggo, kin ga ni? Abin da ya gagari gidanmu shekara arba'in, na gyara shi kafin a fito daga coci! Dama jikina ya ba ni. Jini ne, jini ke jan mutum...

Pola: Rufe mini baki. Ka mayar da ƙasar ka daddanna, kada ka taɓa kwalbar. Mai awo ya same ta a kife yadda aka saka, magana ta ƙare.

Hirek: To...

Pola: Mene ne "to"?

Hirek: Tana kan tebur.

Pola: Wane tebur?

Hirek: Na kicin. Na wanke ta tas, har walƙiya take.

Pola: Yesu da Maryamu! Gawayin fa?

Hirek: Na watsa wa kaji.

Pola: Maza ka mayar tun wani bai gani ba!

Hirek: Ai da safe na ɗan biya da ita shago. Na ce musu ta mai farin gida ce, na tono ta a gindin tuffa, shekararta ɗari uku. Mutum goma sun riƙe ta. Zenek ma ya shinshina.

Pola: Shaidar da kakanka ya binne ta kwana shekara tamanin lafiya, kai ka tono ta ka kai ta shago a shinshina.

Hirek: In na mayar yanzu cewa za a yi ni na dasa. Gwaggo, rumbun nan ni da Baba muka ɗora shi, katako ɗaya-ɗaya. Babu wata shaida kuma? Takarda? Wani dutsen?

Pola: Akwai ɗaya.

Hirek: Ina take? In tono ta?

Pola: Ka kuskura! Ni ce. Ranar da aka kafa dutsen shekarata bakwai, ubanka ko haihuwarsa ba a yi ba. Haka ake yi, a kawo yaran gida a tsayar a bakin ramin, a zane su don kada su manta wurin. Bulala uku kakanka ya yi mini a gaban mutane, 'yar'uwar Ignac ma uku. Har yau in na rufe ido ina ganin hasumiyar coci ta saitu da bakin rijiyarmu. Kuma ba kwalba kaɗai aka saka ba. Ƙasa da ita da taƙi biyu akwai jan bulo da takalmin doki. Ka kai nan?

Hirek: A'a, ina ganin kwalba na tsaya.

Pola: Allah ya taimake mu da ragwancinka. Zan faɗa wa mai awo abin da zai samu tun bai sa shebur ba, a gaban Zenek. Ƙarfe nawa yanzu?

Hirek: Sha biyu saura. Gwaggo, in kin zo, batun waccan Lahadin, ki ce ina sane na yi. Ki ce lissafi na...

Pola: Zan ce akuyar da ka saka a ofis ta fi ka lissafi. Sauko daga tsanin nan, ka cire buhunan dankali daga kujerar gaban mota, ka zo ka ɗauke ni. Kuma kada ka bi ta shago!

Hirek: Minti biyu kawai, in gaya musu...

Pola: Hirek!

Hirek: Ga ni nan, ga ni... wayyo, tsanin! Alo? Gwag...