Taken Ƙasar Mai Tsaron Gida

A tasha wani tsoho ke ta rera waƙa da murya kamar injin niƙa, har mai sayar da lemo ta gaji.

"Baba, ka tausaya wa kunnuwanmu. Biki za ka?"

"Ƙwallo za ni, 'yata. Ɗana ne mai tsaron gidan ƙasarmu."

"Wace ƙasa? Ban taɓa ganinku a talabijin ba."

"Hukumar ƙwallon duniya ta ce ba ta san da zamanmu ba, sai mu buga da irinmu. Bara masu masaukinmu ba su da takenmu, suka saka mana kiɗan biki. Yaranmu na tsaye, hannu a ƙirji, 'yan kallo na tiƙar rawa!"

"Subhanallahi! To bana fa?"

"Bana ni ne lasifika. Da babu gara ba daɗi."

"Da wannan muryar? Wallahi gara kiɗan bikin. Koya mini baitin, in rera, ka ɗauka a wayarka. Kai a filin ka riƙa motsa baki kawai."

"Madalla, 'yata. Ashe yau ƙasarmu ta ƙaru da mutum ɗaya."