Tsakuwar Shinkafarmu da Haƙoran Manya

Salamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Maman Habiba daga Assakio, manomiyar shinkafa.

Kwanan baya aka kira mu taron manoma a Lafia. Manya suka yi ta jawabi, wai mu za mu ciyar da ƙasa, kowa ya rungumi shinkafar gida. Muka tafa har hannu ya yi zafi.

Da aka raba abinci, ina buɗewa sai ga 'yar waje! Na bi mai girkin na ce, "'Yar'uwa, ta gida ta ƙare a kasuwa ne?" Ta ce, "Mama, Oga ne ya ce taku akwai tsakuwa, kar baƙi su karya haƙori."

To, a gefen titi muke shanya ta, dole ta kwashi tsakuwa. Injin cirewa muke roƙo shekara da shekaru, sai a sallame mu da jawabi.

Don Allah ku tambayar mana su: in mai cewa a ci ba zai ci ba, wa zan sayar wa?

Ina gaida matan Assakio. Mu ci gaba da tsincewa da hannu, haƙoran manya na da tsada.