Hoton Tsohon Gida a Jamestown

A bakin wani tsohon gida a unguwar Jamestown ta Accra, wani ɗan yawon buɗe ido ya tsaya gaban wata tsohuwa mai sayar da dokunu, wato tuwon masara da ake dafawa a naɗe cikin ganye.

"Mama, ɗan matsa in ɗauki hoton gidan nan. Tsufansa ya burge ni."

"Ni nawa tsufan bai burge ka ba ke nan? Daga ina?"

"Landan. Hutu na zo, tun safe nake zaga gari a ƙafa."

"Sunanka?"

"Lankwei."

Ta ajiye dokunun da take ɓarewa.

"Mu nan ba ma tsintar suna a titi, kowane gida da nasa. Naka na gidan nan ne. Wa ya haife ka?"

"Lantei. Can ya rasu."

"Lantei mai ɗingishi? Uwarsa a bakin ƙofar nan ta tsufa tana leƙen hanyar dawowarsa. Bara rufi ya rufta mata, mu maƙwabta muka binne ta."

"Ban sani ba, Mama. Wani ɗan rakiyar baƙi da na tambaya cewa ya yi ba kowa a gidan."

"Ai gaskiya ya faɗa maka. Ga shi na matsa. Ɗauka da kyau, tagar hagun nan ta ɗakinta ce."