Birkin Motar Auta

Goggo: Salamu alaikum. Wa ke magana?

Dogo: Wa alaikumus salam. A'a, ba wayar matar Auta na kira ba?

Goggo: Ita ka kira, uwar mijinta ta ɗauka. Kai wane ne?

Dogo: Goggo! Ni ne, Dogo bakanike. Ina wuni?

Goggo: Ɗan yayana da ba ya nemana sai bisa kuskure. Lafiya lau. Ya gareji?

Dogo: Alhamdu lillahi. Ya ƙafar?

Goggo: Tana nan, ba ta je ko'ina ba. Ya mai ɗakinka da yara?

Dogo: Duk lafiya. Ya gida? Ya... ya jiki?

Goggo: Ka tambayi ƙafa na ba ka amsa, sauran jikin ba ya ciwo.

Dogo: Madalla. Mai wayar tana kusa?

Goggo: Ta bar min ita, tawa ta faɗa ruwan wanki. Auta ya ɗauke ta a mota, za su kai wa iyayenta jaririyar su gani. Har da 'yan biyu.

Dogo: Har da yaran? A motar?

Goggo: A'a, a ka ya ɗauke su. Dogo, me ya sa muryarka ke rawa?

Dogo: Sabis ne, Goggo.

Goggo: Sabis ba ya haki. Faɗi abin da ke bakinka.

Dogo: Kin san kwanaki na canza wa Auta kalifa...

Goggo: Wane Halifa kuma?

Dogo: Kalifa! Ƙarfen birkin nan da ke cije faifan bayan taya.

Goggo: To ka riƙa buɗe baki. Ni da na tsufa ina sayar da baƙin mai a bakin tasha, ba kai za ka koya min kalifa ba. Wanda ya ce na motarsa ya yi ƙanƙanta, ya sa ka ɗaura masa na babbar mota?

Dogo: Shi. Saboda gangaren dutsen nan da yake bi da kaya. Aikin ya zauna, wallahi. Sai dai fad ɗin da ya zo a ciki, wato haƙoran da ke gogar faifan, tsoho ne, ya cinye. Na ce masa ranar da zai sayi sabo ya zo in ciro masa tsohon, ya riƙe shi a hannu ya shiga kasuwa, ya ɗora shi a kan sabon, kunne da kunne, rami da rami. Na ce kada ma ya faɗa wa mai kaya sunan motarsa, don birkin ba nata ba ne yanzu.

Goggo: Ai ko murfi zan saya, da tukunyar nake zuwa. Sai aka yi yaya?

Dogo: Yau na fita janyo wata mota da ta mutu a hanya... Hello? Goggo?

Goggo: Ina jin ka! Kada ka tsaya!

Dogo: Auta ya zo ba na nan. Mai walda na kusa da ni ya ce da fararen kaya ya zo, kwali a hannu. Ashe ya riga ya biya kasuwa, ya faɗi sunan motar, aka miƙo masa. Ya tuɓe riga, ya ɗauki jak ɗina, ya ɗaura da kansa.

Goggo: Inna lillahi. Ya sa wa muƙamuƙin bijimi haƙoran akuya.

Dogo: Yanzu na dawo na tarar da kwalin da tsofaffin fad a ƙasa. Na ɗora tsohon a kan hoton kwalin, ya rufe shi ruf har da saura.

Goggo: Amma ya shiga, ko? Da bai shiga ba ai motar ba ta tashi.

Dogo: Ƙarami ai ba ya ƙin shiga, Goggo. Zama ne ba ya yi. Kuma...

Goggo: Kuma me?

Dogo: Fil ɗin da ake soke fad da shi don ya riƙe shi. Ga shi nan a hannuna. Ramin bai hau ba, sai ya bar shi a kan benci.

Goggo: Kai, Dogo. Kai, Dogo! Na ji motar ta tsaya a ƙofar gida da kunnena. Har na ce yau ba ta kuka.

Dogo: A cikin gari za ta tsaya, a hankali ake takawa. Gangara ce abin tsoro, kuma hanyar garin surukansa ta dutsen nan ta bi. In ƙarfe ya yi zafi ya taka da ƙarfi, fad ɗin zai iya zamewa ya fita. In ya fita man birki ya zube, ƙafarsa sai ta taɓa ƙasa.

Goggo: To me kake yi da ni a waya? Kira shi mana!

Dogo: Na kira har yatsana ya gaji. Tana shiga, ba ya ɗauka.

Goggo: Ba zai ɗauka ba. Ni na sa shi ya rantse ba zai taɓa waya yana tuƙi ba. Duk maganar da nake yi masa ta bayan kunne take bi, sai wannan ce ya riƙe.

Dogo: Yaushe suka fita?

Goggo: Ina idar da azahar. Matar ta tsaya canza wa jaririyar kaya, shi yana ta hon. Ya ce zai sha mai a hanya.

Dogo: In layin mai ya riƙe su, ƙila ba su kai dutsen ba.

Goggo: Ƙila! Jikokina uku a kujerar baya kana ba ni ƙila? Saurara. A saman dutsen akwai mai faci a gindin bishiya, Auta kan tsaya ya duba iska. Wa ke da lambarsa?

Dogo: Direbobin tasha ba za su rasa ba.

Goggo: Kira su. Duk wanda ka taɓa kwanciya ƙarƙashin motarsa, yau ranarsa ce. A ce wa mai facin ya tare hanya, ko da taya zai jefa. Kai kuma hau babur. Kana da fad ɗin gaskiya?

Dogo: Sai na biya kasuwa...

Goggo: Ba kasuwar da za ka biya! Ɗebi tsofaffin da fil ɗin. Tsohon da ya zauna daidai ya fi sabon da ke rawa.

Dogo: Gaskiya ne. Ga ni nan na... Goggo, mene ne wannan ƙarar?

Goggo: Wayar ce ke ƙiƙ-ƙiƙ a kunnena. Tsaya in duba. Hoton Auta ne ya fito.

Dogo: Shi ne ke kira! Ɗauka!

Goggo: Shi ne, ko wani ne ya tsinci wayarsa?

Dogo: Goggo, don Allah ɗauka!

Goggo: Kai, Dogo! Wayar ba irin tawa ba ce, ina zan danna?

Dogo: Koren! Ja shi sama, ni zan katse.

Goggo: Kada ka katse! In ba muryarsa na ji ba, wa zan...

Dogo: Koren, Goggo!

Goggo: Bismillahi. Auta? Au...