Wai bai kashe Baba ba, bari kawai ya yi

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Ni ce Rabi daga unguwar Ƙurban a nan Madina.

Mahaifinmu yana fama da ciwon ƙoda, sau uku a sati ake yi masa wankin ƙoda a mustashfa, wato asibiti. Iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta kusa ƙarewa, dole ya koma Kano. Kwatsam sai yayana Sani, ɗalibin ilimi mai kabbara da ƙarfi, ya daina kai shi. Da na tambaye shi, ya gyara zama kamar mai ba da fatawa, ya ce, "Ke ba ki da karatu. Wanda ya yi wa maras lafiya allurar mutuwa shi ne mai kisa, ko a kotu. Ni ban aikata komai ba, bari kawai na yi. Ba gara Baba ya cika a nan a binne shi a Baƙi'a ba?"

Kun ji fa! Alhali tsohon nan kullum da safe sai ya sa hularsa ya ce, "Rabi, yau ba ranar wanki ba ce?" Ƙafafunsa sun kumbura kamar turmi. Jiya na tari taksi na kai shi da kaina.

Malamai, ku ba ni shawara. Ni ke dafa wa Yaya abinci, kuma yau kwana biyu ban ɗora masa tukunya ba. Sai faɗa yake yi. To me na aikata? Ai bari kawai na yi.