Tsintsiyoyin da Na Ɓoye

Assalamu alaikum mai gabatarwa, angona mai zaƙin murya. Kaka Larai ce daga unguwar Kpébié, Parakou.

Ka san fiyeton ɗin nan, wasan kwaikwayo mai dogon zango na tele, na 'yan jarida masu tona asirin miyagu? Jikata Rabi ke fassara mini Faransancin, ni kuwa ina tsokanar 'yan wasan. Ran Talata ɗan jaridar da ke jan wasan ya fita bincike, matarsa ta ɗauki tsintsiya. Sai na ji kaina ina ihu: "Ajiye! Ba a shara bayan matafiyi!"

Rabi ta ce, "Kaka, wasa ne fa."

Ni ban yi dariya ba. Ina yarinya a Djougou, yayana Sani ya tafi fataucin goro, yana fita na share zaure. Har yau bai dawo ba. Ɗan jaridar ma tun ran Talatar ba a sake nuno shi ba.

To ga shi Rabi ta sami aikin jarida a Kwatano, Asabar za ta tafi. Na ɓoye tsintsiyoyin gidan ƙarƙashin gadona. Malamin unguwarmu ya ce camfi ne, na yarda, amma zuciyata ta ƙi.

Masu sauraro, in bar ta ta tafi? In ta tafi, yaushe zan iya shara?