Kofaton Hagu

A ƙofar asibitin dabbobi, wani tsoho ya dubi dokin da wani magidanci ke riƙe da shi.

"Malam, dokin nan ciwo yake ji."

"Haba Baba, lafiyarsa ƙalau. Rigakafi kawai na kawo shi."

"Dubi yadda ya kwantar da kunne yana ɗage kofaton hagu."

Magidancin ya sunkuyar da kai. "Na marigayi mahaifina ne. Kwana uku ina gani, tsoron abin da likita zai faɗa nake yi."

"Ƙusa ya taka, yau za a cire. Shekara arba'in ina kiwon dawaki. Kai fa, yaushe rabonka da abinci?"

"Tun jiya."

"To, ba ni linzamin. Je ka ci ka dawo."